Daga Marisuwa zuwa Murar Aladu: Yadda suna ya ɓoye hanyar cuta

A watan Afrilun 2009 gidajen rediyo suka fara kawo labarin wata sabuwar mura da ta ɓulla a Meziko da Amurka, wadda aka laƙaba wa suna murar aladu. Ga mai sauraro a Dutse ko Kiyawa ko Jahun, sunan kaɗai ya isa ya kwantar masa da hankali, tunda alade ba dabbar da ake kiwo ba ce a garkunan yankin, ba a kuma cin namansa. Sai dai tarihin ƙasar ya riga ya nuna cewa irin wannan cuta ba ta bukatar alade kafin ta iso.

A watan Satumban 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Legas ɗauke da fasinjoji masu mura. Cutar ta bi layin dogo, wanda ya iso Kano tun 1911, ta kuma bi hanyoyin fatake, har ta game ƙasar Kano kafin shekarar ta ƙare. A lokacin Dutse gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Kano. Hausawa suka kira annobar marisuwa, dattawa kuma suka daɗe suna lissafin shekaru da ita. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya. Binciken da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa ƙwayar marisuwa nau'in H1N1 ce, kuma ta shiga jikin aladu ta zauna. Daga cikin zuriyarta ne, bayan ta cakuɗu da ƙwayoyin murar tsuntsaye da ta mutane, aka sami wadda ta ɓulla a 2009. Alade ya zama wurin cakuɗa, amma da ƙwayar ta shiga mutane, tari da atishawa da hannun da ba a wanke ba ne suka yaɗa ta.

Ƙasar Masar ta ɗauki sunan da gaske, ta ba da umarnin yanka aladunta kimanin 300,000, amma cutar ta shige ta duk da haka. Ranar 11 ga Yunin 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annoba. Ga Jigawa, ƙofar da ta fi buɗewa ita ce aikin Hajji, wanda ya faɗo a watan Nuwamba. Maniyyatan jihar ta Kano suke tashi a wancan lokaci, don sai a 2014 aka buɗe filin jirgin Dutse. Saudiyya ta shawarci tsofaffi da yara da masu juna biyu da masu doguwar jinya su ɗage tafiya. Ana gab da fara aikin, hukumomin ƙasar suka sanar da rasuwar maniyyata huɗu, cikinsu har da wata 'yar Nijeriya mai shekara 17. A cikin watan ne kuma aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Legas.

An sanar da ƙarshen annobar ranar 10 ga Agustan 2010. Mutuwar da gwaji ya tabbatar a duniya ta kai kusan 18,500, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta tsakanin 151,700 da 575,400 a shekarar farko. Wannan tazara ta fi faɗi a wuraren da ba a gwaji. A ƙauyukan Jigawa, zazzaɓi da ciwon jiki sukan wuce da sunan maleriya, kuma cibiyar sa ido kan mura mafi kusa tana Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Ƙwayar ba ta ɓace ba. Ta koma cikin murar da ke zagayawa kowace shekara, shi ya sa allurar rigakafin mura ta yanzu ke ɗauke da ita. Alamominta su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da tari, da ciwon maƙogwaro, da ciwon gaɓoɓi. Yawancin masu ita kan warke cikin mako guda da hutu da yawan shan ruwa da farasitamol. Maganin da ke rage ƙarfinta shi ne Tamiflu, kuma ya fi aiki idan likita ya ba da shi cikin awa 48 na farko. Kafso irin su amfisilin da ake saye a kemis ba sa kashe ƙwayar mura, asfirin kuma haɗari ne ga yara. Mai juna biyu, da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, da tsoho, da mai asma ko ciwon suga, su ne bai kamata su jira ba. Wahalar numfashi, ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓin da ya sauka ya dawo, dalili ne na zuwa asibiti a ranar.

Rigakafin yau da kullum ba shi da tsada: wanke hannu da sabulu, rufe baki da hanci yayin tari, da zaman gida ga maras lafiya maimakon shiga cunkoson kasuwar Shuwarin ko motar haya. Alhajin da ya dawo da tari da zazzaɓi ya fi kyau ya jinkirta karɓar 'yan barka har ya ga likita.