Daga Kulungugu zuwa Nsawam: wa ke da ikon afuwa a Ghana?

Kai mai safarar shanu ko albasa ta hanyar Bawku, ka san Kulungugu, garin nan na bakin iyakarmu da Burkina Faso. A nan aka jefa wa Shugaba Kwame Nkrumah gurneti ranar 1 ga Agusta 1962, yana dawowa daga Tenkodogo inda ya gana da Shugaba Maurice Yaméogo. Ya ji rauni, amma da sauran kwanansa.

An kama manyan gwamnatinsa uku: Ako Adjei, ministan harkokin waje, da Tawia Adamafio, ministan yaɗa labarai, da Cofie Crabbe na jam'iyyar CPP. A Disamba 1963 kotu ta wanke su. Nkrumah ya tuɓe Alƙalin Alƙalai Arku Korsah, aka sake shari'a, aka yanke musu hukuncin kisa a 1965. Shi Nkrumah ɗin ne kuma ya sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 20, suka fito bayan juyin mulkin 1966. Ka ga ke nan, hannu ɗaya ne ya ɗaure, shi ne kuma ya kwance.

A Yuni 1979 kuwa babu wanda ya kwance. Sojojin da Rawlings ya jagoranta sun harbe manyan hafsoshi takwas a Teshie, har da tsofaffin shugabannin ƙasa uku: Afrifa, Acheampong da Akuffo. Sai a 2001, zamanin Kufuor, aka miƙa wa iyalansu gawarwakin.

Tsarin mulkin 1992 ya zo ya gindaya wa afuwa ƙa'ida. Sashe na 72 ya ba shugaban ƙasa ikon yafe wa mai laifi, ko jinkirta hukunci, ko musanya shi da mai sauƙi, amma sai ya yi shawara da Majalisar Ƙoli ta masu ba shi shawara, wadda kowace jiha ke da wakili a cikinta. Haka kuma duk wanda aka yanke wa kisa, dole alƙalin da ya yi shari'ar ya rubuta rahoto a kai wa shugaban ƙasa.

Rabon da a zartar da kisa a Ghana tun 1993. Amma kotuna ba su daina yankewa ba, domin a lokacin doka ba ta ba alƙali zaɓi ba idan laifin kisan kai ya tabbata. Mutane suka yi ta taruwa a sashen masu jiran mutuwa na gidan yarin Nsawam, ba a kashe su ba, ba a sake su ba. A 2023 sun kai 176, shida daga cikinsu mata.

Ranar 25 ga Yuli 2023 majalisar dokoki ta amince da ƙudurin Francis-Xavier Sosu, ɗan majalisar Madina, na maye gurbin kisa da ɗaurin rai da rai a laifuffuka irin su kisan kai. To, a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Na ɗaya, cin amanar ƙasa bai shiga ciki ba, don tsarin mulki ne da kansa ya tanadi hukuncinsa. A Janairu 2024 ma kotu a Ankara, babban birninmu, ta yanke wa mutum shida kisa kan yunƙurin juyin mulki. Na biyu, sabuwar dokar ba ta goge hukuncin waɗanda aka riga aka yanke wa ba. Su sai da afuwa.

Shi ya sa a Agusta 2025 Shugaba John Mahama, bisa shawarar majalisar kula da gidajen yari, ya yi wa fursunoni 998 afuwa. Daga cikinsu 87 an mayar musu da kisa ɗaurin rai da rai, 51 kuma daga rai da rai zuwa shekara 20. Lura da kyau, malam: waɗannan an sassauta musu ne, ba a buɗe musu ƙofa ba.

Me ya sa wannan ya shafe ka? Rigimar gona da kiwo, ko faɗa a kan kuɗin dabba a kara, kan kai ga zubar da jini cikin minti ɗaya. Mu mun saba da cewa idan dangin mamaci sun yafe, ko sun karɓi diyya, magana ta mutu. A dokar Ghana ba haka ba ne. Kisan kai laifi ne ga ƙasa, gwamnati ce ke shigar da ƙara, kuma sulhun da sarkin zango ko arɗo ya yi, komai kyansa, ba ya rufe shari'a. Haka kuma doka tana canzawa da tsallaken iyaka. Togo ta soke hukuncin kisa tun 2009, amma a Najeriya yana nan, kuma a laifuffukan jiha gwamna ne ke da ikon afuwa.

Idan kana da ɗan'uwa a tsare, a gidan yarin Tamale ne ko Nsawam, ka fara da ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya wuce. In ba ka da kuɗin lauya, je ofishin hukumar ba da lauya kyauta a Tamale. Ka adana takardun shari'a da na asibiti, domin a afuwar 2025 an duba tsufa da ciwo mai tsanani. Takardar roƙon afuwa shugaban ƙasa ake rubuta wa, kuma afuwa ba ta sayarwa ba ce. Duk wanda ya ce ka kawo sa biyu zai sa sunan ɗanka a jeri, riƙe shanunka.

Allah ya raba mu da aikin da-na-sani.