Tarihin Gajeriyar Addu'a a Ikkilisiyar Gabas

Tambayar da ke gabanmu yau tsohuwa ce: shin wanda bai yi karatu ba, ba shi kuma da littafi, yana iya ganawa da Ubangijinsa shi kaɗai? Kiristocin Gabas sun daɗe suna amsa ta.

A ƙarni na 4, waɗansu ruhubanawa suka ƙaurace wa birane suka shiga hamadar Masar. Da yawansu talakawa ne marasa karatu, suna saƙar tabarma da kwando don abin sakawa a baki. Saboda haka sai suka riƙi addu'a gajeriya, wadda mutum zai yi ta maimaitawa hannunsa na kan aiki. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna tare da su, ya rubuta wajen shekarar 420 cewa aya guda daga Zabura ta 70 ta ishi mai ibada dare da rana. Sannu a hankali aka tsaya kan jimla ɗaya, wadda ke kiran sunan Yesu da roƙon jinƙai, ana ƙirga ta da igiya mai ƙulle-ƙulle, kamar carbi.

Al'amarin bai tafi lami lafiya ba. A ƙarni na 14, wani masanin falsafa, Barlaam na Kalabriya, ya yi wa ruhubanawan Dutsen Atos ba'a, domin suna sunkuyar da kai suna daidaita addu'ar da numfashinsu. A ganinsa jahilci ne. Giregori Palamas ya tashi ya kare su, yana cewa ba masu ilmi kaɗai aka buɗe wa ƙofar kusantar Allah ba. Majalisun da suka zauna a Kustantaniya a 1341 da 1351 suka ba Palamas gaskiya.

Har ila yau saura mataki guda, wato fitar da addu'ar daga hannun ruhubanawa. A 1782 aka buga Filokaliya a Benis, tarin rubuce-rubucen magabata, masu tara shi kuwa suka nufe shi ga kowane Kirista. Fassararsa ta fito a Mosko a 1793, daga nan addu'ar ta bazu cikin manoma da matafiya na Rasha.

Abin lura ga ɗalibin tarihi shi ne, gwamnatin Sobiyet ta rufe majami'u dubbai bayan 1917, amma ta kasa ƙwace wannan addu'a, domin ba ta bukatar gini, ko littafi, ko limami. Sauƙin da Barlaam ya raina shi ne ya raya ta.