Tarihin nasihar ikilisiya a ƙauyukan kudancin Kano

Nasiha irin ta ikilisiya sabuwar aba ce a ƙasar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, domin Kiristancin kansa bai daɗe da zuwa ba. A 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami ayarin Bishop Tugwell da Dokta Miller, daga baya kuma Turawan mulki suka taka wa 'yan mishan birki a masarautu har farkon shekarun 1930. Da aka sassauta, mishan ɗin SIM ya buɗe tasha a Garko, ya kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. Cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa ta fito a 1932, ECWA kuma, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, ta kafu a 1954. Galibin waɗanda suka karɓi bishara a yankin Maguzawa ne, kuma daga shekarun 1970 ne yawansu ya ƙaru sosai, lokacin da masu bishara 'yan ƙasa suka riƙe aikin.

Tun da can Bamaguje yana da inda yake kai kukansa. Rikicin gandu, mai gida ke kashe shi. Ciwo mai naci kuwa, ko mutuwar yara a jere, sai a nufi boka ko mai bori a ji wane iska aka ɓata wa rai, ko wa ya yi sammu, a yanka kaza ko akuya mai launin da iskan yake so. Mutanen nan an shaide su da gaskiya da ƙwazon noma, saboda haka ba ikilisiya ce ta koya musu alhaki ba. Tambayar ce ta canja. Mai bishara yakan zaunar da mutum a kan tabarma a ƙofar gida, a yi addu'a, sannan ya ce masa, "To, kai mene ne naka laifin a ciki?" Ana yawan kafa hujja da Ezekiyel sura 18, wadda ta ɗora wa kowa nauyin zunubinsa, ba na ubansa ba.

Giya ce ta fara gwada wannan koyarwa. Da ita ake gayya da biki da makoki, dafa ta kuma sana'ar mata ce. SIM da ECWA sun haramta ta ɗungurungum, Katolika ba su tsananta haka ba. Magidancin da ya tuba dole ya koma gida ya fuskanci matar da aka toshe wa hanyar samu, da 'yan uwan da ke ganin ya raina su. Sai batun mai mata da yawa, wanda aka daɗe ana hana shi baftisma.

Matakan gyara daga Matiyu sura 18 aka ɗauko su. A sami mai laifi shi kaɗai, in ya ƙi ji a koma da shaidu, in ya dage dattawan ikilisiya su sa shi a horo. Wanda ke horo ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya riƙe muƙami, a wurare da yawa a bencin baya yake zama har ya furta laifinsa, ya mayar da abin da ya ci na wani. Tsarin ya sasanta gidaje da dama, amma yana da rauni babba: yarinyar da ciki ya tona wa asiri takan sha horo a idon jama'a, namijin kuwa sau da yawa ya sulale. Zumuntar Mata ce ke rage wannan zafi, domin nan matan aure da zawarawa ke faɗin abin da ba za su iya faɗa wa fasto ba.

Yanzu fastoci na koyon dabarun ba da shawara a makarantun tauhidi irin na Jos da Kagoro. Ƙararrakin da ke zuwa musu sun haɗa da shan ƙwaya, bashin taki, da mazan da suka tafi cirani suka daina aike. Ikilisiyoyi da yawa kuma ba sa ɗaura aure sai masu niyya sun zauna darasi da fasto, sun kawo takardar gwajin ƙanjamau da na sikila.