Asalin Kalmar Jarrabawa

Kalmar jarrabawa, wadda ɗaliban Kankia da Kusada ke fargabarta duk ƙarshen zangon karatu, asalinta Larabci ne, daga fi'ilin jarraba, wato gwada abu domin a san haƙiƙarsa, kuma daga tushen nan Larabawa suka sami tajriba, ilmin da aiki ke koyarwa. Haka ma a takardun tambayoyi na Turanci akan umurci ɗalibi ya yi yunƙurin amsawa, ba a sharɗanta masa dacewa ba. Wannan ladabi kuwa yana burge ni ƙwarai, domin malamanmu na zaure, idan aka kawo musu mas'ala mai wuya, sukan ce bari su jarraba, su gyara zama bisa buzu, su buɗe littafi, su amsa, sa'an nan su cika da Allahu a'alamu.