Alƙalami da Kwali: Yadda Masoyan Elvis Presley Suka Amsa Sukar Jaridun Amurka

Gabatarwa

A cikin watan Agusta na shekarar 1977, muna hutun makaranta, na ji a rediyo ana ba da labarin rasuwar wani mawaƙin Amurka mai suna Elvis Presley. A lokacin ban san waƙarsa ko ɗaya ba, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka ce dubban mutane sun yi cincirindo a ƙofar gidansa suna kuka kamar uwa ɗaya ta haife su da shi. Sai bayan da na bar aikin gwamnati na sami sukunin bin tarihinsa, na tarar ashe wannan mutum da aka yi wa irin wannan makoki, shekara 21 kafin nan babu irin baƙar maganar da manyan jaridun ƙasarsa ba su faɗa masa ba.

Dalilin da ya sa na ga ya dace in kawo wannan labari ga malaman makaranta da dattawanmu shi ne, mu masu bin tarihi muna da wata ɗabi'a ta gaskata duk abin da muka gani an buga a jarida, mu manta da cewa mutanen da ba su da shafi a jarida su ma suna da ta cewa. Labarin Elvis ya nuna inda 'yan jarida suka yi kuskure masoya suka yi daidai, ya kuma nuna inda masoya suka rufe ido alhali masu suka ne ke da gaskiya.

Asalinsa

An haifi Elvis Presley ranar 8 ga Janairu, 1935, a garin Tupelo na jihar Mississippi, a gidan talakawa. A 1948 iyayensa suka koma birnin Memphis na jihar Tennessee. A wancan zamani dokar wariyar launin fata tana aiki a kudancin Amurka, makarantar Baƙar fata daban, ta Turawa daban, amma kunne ba ya bin doka. Yaron ya taso yana jin waƙoƙin coci, da na Turawan karkara, da kuma na Baƙar fata, har duk suka cakuɗe a bakinsa.

Yana aikin tuƙin mota ne a 1954 lokacin da Sam Phillips, mai kamfanin Sun Records, ya ɗauki muryarsa a faifai. A watan Nuwamba na 1955 babban kamfanin RCA ya sayi yarjejeniyarsa a kan dala 35,000, kuɗin da a lokacin aka ga ya yi yawa ga yaro ɗan shekara 20. A farkon 1956 faifansa na farko a wannan kamfani ya sami karɓuwa, aka sayar da fiye da miliyan 1. Daga nan ne manyan 'yan jarida suka fara waiwayarsa.

Yadda Suka Ta Fara

Ranar 5 ga Yuni, 1956, Elvis ya fito a shirin talabijin na Milton Berle, ya rera waƙar Hound Dog, wadda wata mawaƙiya Baƙar fata, Big Mama Thornton, ta fara fitarwa a 1953. A wannan dare bai rataya jitarsa ba, sai ya riƙe sandar lasifika yana rausaya, yana karkaɗa ƙafafu da ƙugu, 'yan mata kuwa suna ta ihu.

Kafin mako ya zagayo jaridun Nuyok sun yi masa ca. Jack Gould na jaridar New York Times ya rubuta cewa shi bai ga wata baiwar waƙa a tattare da wannan yaro ba. Ben Gross na Daily News ya ce kiɗan zamani ya kai ƙarshen lalacewa. John Crosby na Herald Tribune ya kira shi maras fasaha kuma maras kunya. Wata mujallar mabiya ɗarikar Katolika mai suna America ta buga gargaɗi ga iyaye su yi hattara da shi. Aka kuma laƙaba masa sunan ba'a da ke nuni ga ƙugunsa, sunan da shi kansa ya ce ya tsana.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa abu uku ne suka haɗu a cikin wannan suka. Na farko, tsoron iyaye na gaskiya game da tarbiyyar 'ya'yansu, wanda ba abin rainawa ba ne. Na biyu, rainin da 'yan bokon manyan birane ke yi wa talakan kudu mai maganar ƙauye. Na uku, wanda ba a cika faɗa a fili ba, shi ne ƙyamar ganin 'ya'yan Turawa suna rawa da kiɗan Baƙar fata. A wannan shekarar ce wata ƙungiyar masu ra'ayin wariya a jihar Alabama ta yi yekuwar a raba matasa da irin wannan kiɗa baki ɗaya.

Amsar Masoya

Masoyan Elvis yawancinsu yara ne 'yan makaranta, ba su da jarida, ba su da kujera a majalisa. Amma sun yi amfani da abu uku da ke hannunsu, wato alƙalami, da kwali, da ɗan kuɗin aljihu.

Da alƙalami suka riƙa aika wa editoci wasiƙu suna kare gwaninsu, suka kuma kafa ƙungiyoyin masoya a gari-gari. Maganar kwali kuwa ta taso ne ranar 1 ga Yuli, 1956. A wannan dare Steve Allen, mai gabatar da shiri a tashar NBC, ya gayyaci Elvis, amma don gudun fushin jaridu sai ya sa aka yi masa shigar manya, kwat mai jela, aka hana shi motsi, aka kawo wani kare mai dogayen kunnuwa da aka ɗora wa hula, aka ce ya rera wa karen waƙarsa. Masoya suka ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Washegari sai ga su a titin Nuyok ɗauke da kwalaye, suna cewa a dawo musu da Elvis ɗinsu na ainihi. Ranar 4 ga Yuli, a filin wasa na Russwood da ke Memphis, gaban mutum kimanin 14,000, shi ma ya shaida wa mutanen garinsu cewa mutanen Nuyok ba za su sauya shi ba.

Kuɗin aljihu shi ne ya fi kowanne ƙarfi. Faifan da ya ɗauka ranar 2 ga Yuli, mai ɗauke da Hound Dog a gefe ɗaya da Don't Be Cruel a ɗaya gefen, ya yi mako 11 yana kan gaba a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka. Hausawa na cewa hassada ga mai rabo taki ce. Manajansa, Kanar Tom Parker, ya fahimci haka sarai, domin an ruwaito cewa yana sayar da bajo mai cewa ana son Elvis, yana kuma sayar da mai cewa an tsane shi, duk kuɗin aljihu ɗaya suke shiga.

A watan Agusta, a birnin Jacksonville na jihar Florida, wani alƙalin kotun yara mai suna Marion Gooding ya gargaɗe shi cewa in ya karkaɗa jiki za a kama shi. Elvis ya hau dandamali ya tsaya cik, sai ɗan ƙaramin yatsansa kawai yake motsawa. Ɗakin ya kaure da ihu fiye da kullum. Wannan ya nuna cewa abin ya wuce maganar rawa. Yaran sun riga sun ɗauki duk wanda ya taɓa shi a matsayin wanda ya taɓa su.

Manya Sun Sauko

Ed Sullivan shi ne mai ɗaya daga cikin shirye-shiryen talabijin da suka fi farin jini a lokacin, kuma ya riga ya ce Elvis bai dace da kallon iyali ba. Amma da ya ga shirin Steve Allen ya fi nasa masu kallo a daren da Elvis ya fito, sai ya sake shawara, ya biya dala 50,000 don fitowa uku. A fitowar farko, ranar 9 ga Satumba, 1956, mutum kimanin miliyan 60 suka kalla. A ta uku, ranar 6 ga Janairu, 1957, an ɗauki hotonsa daga ƙugu zuwa sama kawai, amma a ƙarshen shirin Sullivan da bakinsa ya shaida wa ƙasa cewa yaron kirki ne mai ladabi.

Haka ma Frank Sinatra, babban mawaƙin zamanin iyayensu, a 1957 ya yi wa wannan sabon kiɗa kaca-kaca a wata mujalla, amma a 1960 shi ne ya shirya wa Elvis shirin maraba a talabijin bayan ya dawo daga aikin soja a Jamus. Game da aikin sojan nan, wanda ya fara a watan Maris na 1958, akwai wata wasiƙa da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Amurka. Wasu 'yan mata uku daga jihar Montana ne suka rubuta wa Shugaba Eisenhower suna roƙon kada a aske wa Elvis saje, wai in aka aske mutuwa za su yi. Abin dariya ne, amma ga mai tarihi shaida ce, domin ta nuna yara sun fara ganin suna da bakin magana har da shugaban ƙasa.

So Hana Ganin Laifi

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce masoya ne ke da gaskiya ko da yaushe. Amma ba haka ba ne. A shekarun 1960 Elvis ya shagala da fina-finai, yawancinsu labari iri ɗaya da waƙoƙi marasa nauyi. Masu sharhi suka ce yana ɓarnatar da baiwarsa, kuma a wannan karon gaskiya suka faɗa, shi kansa ya nuna gajiyarsa da fina-finan. Masoya dai suka ci gaba da sayen tikiti, manaja kuma bai ga dalilin sauyawa ba muddin kuɗi na shigowa. Sai da ciniki ya ja baya sannan ya koma waƙa gaban jama'a, da shirin talabijin na Disamba 1968, wanda ya farfaɗo da sunansa.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a ƙarshen rayuwarsa. A shekarun 1970 jikinsa ya yi nauyi, wani lokaci yakan manta baitin waƙa a kan dandamali, jaridu kuma suna faɗa, wasu da tausayi wasu da ba'a. Masoya da yawa suka ɗauki wannan a matsayin tsohuwar gabar 1956 ce ta dawo. A 1977 wasu tsofaffin masu tsaron lafiyarsa su uku, waɗanda aka sallama a 1976, suka fitar da littafi suna bayyana yadda ƙwayoyin asibiti suka yi masa katutu. Aka kira su maciya amana. Makonni kaɗan bayan fitowar littafin, ranar 16 ga Agusta, 1977, Elvis ya rasu a gidansa na Graceland yana da shekara 42. Daga baya bincike ya nuna likitansa, George Nichopoulos, ya rubuta masa ƙwayoyi fiye da 10,000 a cikin wata 8 na farkon wannan shekara. Kotu ta wanke likitan a 1981, amma a 1995 hukumar likitocin jihar Tennessee ta karɓe lasisinsa saboda yawan rubuta wa marasa lafiya ƙwayoyi.

A ganina, masu sukar 1956 suna da kaso a cikin wannan rufe ido. Wanda ya saba jin zagi daga bakinka, ranar da ka zo masa da gaskiya ba zai saurare ka ba. Haka aka sake gani a 1981, da Albert Goldman ya fitar da littafin tarihin Elvis cike da izgili ga mamacin da mutanen kudu. Masoya suka yi tir da shi, wasu manyan masu sharhi irin su Greil Marcus suka goyi bayansu, har abin da ke cikin littafin na gaskiya ma izgilin ya binne shi.

Kammalawa

A 1992 hukumar gidan waya ta Amurka ta nemi jama'a su zaɓi hoton da za a sa a kan sarki na tunawa da Elvis, ko na ƙuruciyarsa ko na girmansa. Aka jefa ƙuri'a fiye da miliyan 1, kimanin kashi 75 cikin 100 suka zaɓi na ƙuruciya, wato yaron nan da jaridu suka ce ba shi da baiwa. An fitar da kan sarkin ranar 8 ga Janairu, 1993. Yaran da suka ɗaga kwali a 1956 a lokacin sun zama iyaye da kakanni, kuma hukuncinsu ne ƙasa ta buga.

Ga malaman tarihi, shawarata ita ce, idan za ku koya wa ɗalibai wani zamani, kada ku tsaya ga abin da manyan jaridu suka rubuta. Ku nemi wasiƙun masu karatu, da abin da mutane suka saya da kuɗinsu, da abin da tsofaffi ke tunawa, sannan ku auna. Ga 'yan'uwana dattawa kuwa, ba ina cewa mu yi shiru kan abin da muka ga zai ɓata tarbiyya ba ne, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake cewa shi ne, mu fara sauraron abin da yaran ke ji kafin mu yanke hukunci, mu kuma raba gyara da wulaƙanci. Jack Gould da abokan aikinsa suna da ilimi da alƙalami, amma da yake da raini suka fara, sai suka rasa kunnen yaran da suke son gyarawa, kuma ranar da Elvis ya fi bukatar a faɗa masa gaskiya, ba a sami mai saurarenta ba.