Nishaɗin iyali

Nishaɗin iyali shi ne duk wani abin shaƙatawa da ma'aurata, ko iyaye da 'ya'yansu, suke yi tare a lokacin hutu, kamar hira, wasa, kallo, ziyara ko tafiya. Binciken masana zamantakewa, wanda akasarinsa a Amurka aka yi, ya nuna cewa yadda ake yin nishaɗin ya fi yawan lokacin da aka ba shi tasiri wajen ƙulla shaƙuwa.

Rabe-rabensa

A shekarar 1975 Dennis Orthner ya kasa nishaɗin ma'aurata gida uku. Akwai wanda mutum yake yi shi kaɗai. Akwai wanda ake yi a wuri guda amma ba a mu'amala, misali miji da mata su zauna gaban talabijin ba mai ce wa wani uffan. Na uku shi ne wanda ba ya yiwuwa sai da magana da haɗa kai, kamar wasan ludo ko fita yawo ana hira. Orthner ya gano cewa na ukun ne ya fi alaƙa da jin daɗin zaman aure, musamman a shekarun farko.

A 2001 Ramon Zabriskie da Bryan McCormick sun raba nishaɗin iyali gida biyu: na yau da kullum mai araha, wanda ake yi a gida, da na jefi-jefi mai buƙatar shiri da kuɗi, kamar tafiya hutu. A ganinsu na farko yana ƙara kusanci da kwanciyar hankali, na biyu kuma yana koya wa iyali jure canji.

Sabon abu da sabo

Arthur Aron da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 2000. An ɗaure wa wasu ma'aurata hannu da ƙafa tare, aka sa su rarrafe a kan katifar motsa jiki su tsallake shinge ɗauke da matashi, wasu kuma aka ba su aiki mai sauƙi marar armashi. Bayan 'yan mintoci, waɗanda suka yi wasan mai wuya da ban dariya sun fi bayyana gamsuwa da zamansu. Bayanin Aron shi ne, sabon abu yana rage gundurar da sabo yake kawowa.

Inda yake kawo matsala

Ba kowane nishaɗin tare ne yake gyara zama ba. Binciken Duane Crawford da abokansa na 2002 ya nuna cewa idan abin da ake yi mijin ne yake so, matar ba ta so, rashin jin daɗinta ƙaruwa yake yi. Haka kuma, a gidaje da yawa uwa ce take ɗaukar ɗawainiyar girki da shirya yara kafin a fita, don haka hutun iyali a wurinta aiki ne. Akwai kuma wahalar gane wanne ne ya haifar da wanne, domin ma'auratan da suke zaman lafiya dama sun fi son fita tare.

A ƙasar Hausa

A al'adance maza suna hirarsu a majalisa ko dandali, mata a cikin gida, saboda haka nishaɗin iyali ya fi haɗa yara da iyaye mata da kakanni, musamman a tatsuniya da kacici-kacici bayan sallar isha'i. Yawon sallah da kallon hawan sarki a birane irin su Kano, Katsina da Zariya su ne suka fi kama da nishaɗin jefi-jefi. Daga shekarun 1990 finafinan Hausa sun zama abin da iyali suke taruwa su kalla, kafin wayar hannu ta ba kowa nasa allon.