Yadda Jam'iyyun Siyasa Suka Tsiro a Nijeriya

Jama'a, in muna so mu gane abin da ya sa jam'iyyunmu na farko suka rabu jiha jiha, sai mu dubi mafarinsu.

Yawancinsu ba da sunan siyasa aka fara su ba. A 1943 waɗansu malamai a Bauci, cikinsu har da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka riƙa taruwa suna muhawara a kan ci gaban ƙasa. Irin waɗannan tarurruka su suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda aka buɗe a Kaduna a 1949, Dokta Dikko ne shugabanta. A Yamma kuwa Cif Awolowo ya fara ne da ƙungiyar raya al'adun Yarbawa, daga cikinta Action Group ta fito a 1951. NCNC ce kaɗai aka kafa tun 1944 da nufin ta game ƙasa duka, amma daga baya ƙarfinta ya koma Gabas, wajen Dokta Azikiwe.

To, me ya mai da su jam'iyyun neman mulki? Zaɓe ne. Tsarin mulki na Gwamna Macpherson na 1951 ya ba kowace jiha majalisa da ministocinta. Da yake kujerun a jiha suke, kowa ya koma gida neman magoya baya. A shekarar nan Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama NPC, jam'iyyar siyasa sosai, sarakuna da ma'aikatan En'e suna bayanta. NEPU kuwa, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta tsaya wa talakawa. Ta yi nasara a zaɓen farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa hawa ne, kuma En'e na da ikon ƙara mutanenta a hawan ƙarshe, ko kujera ɗaya ba ta samu ba.

A zaɓen tarayya na 1959, cikin kujeru 312 NPC ta ci 134, NCNC da abokiyarta NEPU suka ci 89, Action Group 73. Ba wadda ta isa ta kafa gwamnati ita kaɗai, kowace kuwa ta fi ƙarfi a jiharta. Rashin yarda ya yi ta ƙaruwa har soja suka karɓi mulki a 1966, suka soke jam'iyyu duka.

Saboda haka da za a koma mulkin farar hula a 1979, aka sa doka cewa ba a rajistar jam'iyya sai tana da rassa a yawancin jihohi, shugaban ƙasa kuma sai ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Watau yadda aka tsara dokar zaɓe, haka jam'iyyu kan tashi. Ya kamata mai jefa ƙuri'a ya san dokar nan kamar yadda ya san ɗan takararsa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.